LLC a Delaware da takardar MSB: sun isa a fara aikin aika kuɗi gida?

"Assalamu alaikum Malam. Ina da shagunan POS a Kano, kuma yayana yana zaune a Texas, abokansa da 'yan uwa suna ba shi dala a can ni kuma in biya mutanensu naira a nan. Abin ya fara girma har muna so mu mayar da shi kamfani mu yi manhaja. Na samu wasu a intanet sun ce da dala 2,500 za su buɗe min LLC a Delaware, su haɗa min da wakilin rijista, su kuma ciro min lasisin MSB, wai da wannan zan iya aiki ko'ina a duniya. Wasu kuma sun ce gara Seychelles ko Comoros, ya fi sauƙi. Shi wannan wakilin mene ne aikinsa, shi zai tsaya min a gaban hukuma in matsala ta taso? Kuma in na biya kuɗin shikenan na halasta?"

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah ya ƙara wa kasuwa albarka. In na fahimce ka tambaya biyu ka haɗa. Ta farko, wakilin rijista me yake yi kuma ina iyakarsa. Ta biyu, ko kamfanin LLC (nau'in kamfanin da bashinsa ba ya hawa kan mai shi) a jihar Delaware ta Amurka da waccan takarda ta MSB (wato mai sana'ar aika kuɗi ko canji) sun ba ku izinin karɓar dalar mutane a Amurka ku biya naira a Kano. Ta biyun bari in amsa maka tun yanzu, a'a, ba su ba ku ba, ko kusa ma. Amma sai mun bi ta farkon a hankali kafin ka ga dalili, don masu sayar da wannan kaya da gangan suke cakuɗa abu uku wuri guda, rijistar kamfani, wakili, da lasisi, su nuna maka kamar duk abu ɗaya ne, alhali hukumomi daban-daban ne suke da iko da kowanne kuma kuɗinsu ma ba a kwatantawa.

Ni aikina rijistar kamfanoni ne da shirya musu takardun bin ƙa'ida, yawanci a nan Najeriya, wani lokaci kuma da waɗanda suke da uwar kamfani a waje, to kusan kullum ina mu'amala da waɗannan wakilai ta imel.

Aikin wakilin a Amurka

A Amurka ba gwamnatin tarayya ke yi wa kamfani rijista ba, jihohi ne. Kowace jiha kuma tana so in an yi ƙarar kamfanin da ta yi wa rijista ya kasance akwai ƙofar da masinjan kotu zai je ya ƙwanƙwasa a cikin jihar, a lokacin aiki, ya samu mutum mai rai ya miƙa masa sammaci. Wannan ƙofar ita ce wakilin rijista. Dole adireshinsa ya zama gini na gaske a cikin jihar, akwatin gidan waya bai isa ba. Kai kana Kano, yayanka yana Texas, babu ɗayanku a Delaware, to dole ku yi hayar wani ya zame muku ƙofa a can. Kamar yadda 'yan ci-rani a da suke ba da adireshin shagon wani a bakin tasha a riƙa aje musu wasiƙa, mai shagon zai karɓa ya aje maka ya aiko yaro ya gaya maka, amma ba shi zai biya maka bashi ba kuma bai san me ke cikin ambulan ba.

Akwai wani gini a lamba 1209 North Orange Street a garin Wilmington, ofishin ɗaya daga cikin manyan wakilan ne, CT Corporation, gini ne ba wani babba ba amma a 2012 an ruwaito kamfanoni sama da 285,000 ne suke amfani da adireshinsa. To ka ga mutumin da yake wakiltar dubun dubatar kamfanoni haka ai bai san ka ba, bai san sana'arka ba, abin da doka ta ɗora masa shi ne ya karɓi takardun kotu da na gwamnatin jiha ya tura maka, ya kuma riƙe suna da lambar mutum ɗaya da zai riƙa tuntuɓa a kamfanin. Shikenan. Shi ya sa kuɗinsa ba yawa, daga dala 50 zuwa 300 a shekara za ka samu. Ba lauyanka ba ne, ba darakta ba ne, ba jami'in da zai riƙa tantance kwastomominka ba ne, ba zai shigar maka da haraji ba sai in ka sayi wannan aikin daban, kuma in hukuma ta zo bincike ba zai tsaya maka ba, sai dai ma ya miƙa musu abin da yake hannunsa a kanka.

Amma kar ka ɗauka don aikin ƙarami ne ba shi da haɗari, a nan ne na fi ganin mutanenmu suna faɗawa rami. Akwai wani mai sayar da kaya ta intanet da ya zo min da laftof ɗinsa hankali a tashe, an rufe masa asusun da yake karɓar kuɗi da shi, an ce ya kawo takardar shaidar cewa kamfaninsa yana nan daram a Delaware, ya nema an hana shi. Muka buɗe imel ɗin da ya bayar lokacin rijista, wani tsohon adireshi ne da ya daina dubawa, sai ga saƙonnin wakilin a jere babu wanda aka buɗe, na farko tunatarwa ce cikin ladabi, na gaba an ce katinka ya ƙi biya, na gaba da jan rubutu an ce za mu aje wakilcinka, na ƙarshe kuma hoton takardar da suka shigar wa jiha cewa sun aje. Katin naira ne ya ɗaura a kai, a lokacin da bankunanmu suka toshe biyan kuɗin waje da katin naira. A dokar Delaware in wakili ya aje aiki kuma kwana 30 suka wuce ba ka naɗa wani ba, soke rijistar kamfanin ake yi. Ana iya farfaɗo da shi, mun kuma farfaɗo, amma sai da ya biya duk harajin da ya taru da tara da kuɗin sabon wakili, kuɗinsa kuma suna maƙale duk tsawon lokacin. Shi nasa ma da sauƙi tunda ba ƙara aka kai shi ba. In sammaci ne, a kotun tarayya ta Amurka kwana 21 kake da su ka mayar da amsa, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka miƙa wa wakilinka, ba ranar da kai ka gani ba. In ba ka amsa ba a yanke hukunci a bayan idonka, kuma "ban duba imel ba" ba uzuri ba ne a wajen alƙali.

Sannan akwai abin da masu tallan ba sa faɗa, wato ɗawainiyar shekara-shekara. LLC a Delaware yana biyan harajin jiha kowace shekara kafin 1 ga Yuni, dala 300 ne a 2025, ko ka yi ciniki ko ba ka yi ba, in ka makara tara dala 200 da ƙarin ruwa duk wata. Wanda ya fi wannan zafi shi ne na hukumar haraji ta IRS: in baƙo ne, wato wanda ba ɗan Amurka ba kuma ba mazauninta ba, shi kaɗai ya mallaki LLC ɗin, dole ya shigar da fom 5472 duk shekarar da kuɗi suka shiga ko suka fita tsakaninsa da kamfanin, har kuɗin da ya zuba na buɗewa, kuma tarar rashin shigarwa dala 25,000 ce. In ku biyu ne kai da yayanka to fom ɗin ya canza amma wajibin yana nan. Wakilin rijista ba ruwansa da wannan.

Takardar MSB ba lasisi ba ce

Wannan ita ce zuciyar maganar. Abin da suke ce wa lasisin MSB rijista ce da wata hukuma a ƙarƙashin ma'aikatar kuɗin Amurka mai suna FinCEN. Fom 107 ake cikewa ta intanet, kyauta ne, ba a biyan ko sisi, ana sabuntawa duk shekara biyu. Kai ne kake gaya musu "ga ni, ina harkar aika kuɗi", su kuma su sa sunanka a jerin da kowa zai iya dubawa. Ba sa tantance ka kafin su sa, kuma a shafin da ake duba jerin sun rubuta ƙarara cewa ganin sunan kamfani a ciki ba ya nufin gwamnati ta amince da shi ko ta tabbatar da sahihancinsa. A Disambar 2024 ma sai da suka fitar da gargaɗi cewa 'yan damfara suna yin wannan rijista su riƙa nuna wa jama'a a matsayin lasisi. To abin da ake so a sayar maka da dala dubu biyu da ɗari biyar kenan, kamfanin da kuɗin jiha na buɗe shi bai kai dala 200 ba, da wakilin dala ɗari, da fom na kyauta.

Kuma cike fom ɗin nauyi yake ɗora maka, ba sauke maka yake ba. Daga ranar ka yarda da bakinka cewa kai mai aika kuɗi ne, dole ka sami rubutaccen tsarin hana halasta kuɗin haram, ka naɗa jami'in da zai kula da shi, ka riƙa tantance masu aikowa, ka aje bayanai, ka kai rahoton hada-hadar da ka yi zargi, a kuma riƙa kawo wani daga waje yana duba tsarin. Ko kamfanin da yake wajen Amurka in yana yi wa mutanen cikinta wannan aiki, tun 2011 dokar ta kama shi, har an ce dole ya naɗa wani mazaunin Amurka da zai karɓi takardun shari'a a madadinsa. Ka ga nan ma wakilin ya sake fitowa, kuma aikin dai shi ne, a samu inda za a kamo ka.

Lasisi na gaske a hannun jihohi yake, kuma ba jihar da kamfanin ya yi rijista ake dubawa ba, jihar da kwastoma yake zaune ake dubawa. In mai aikowa yana Houston to lasisin Texas kake buƙata daga hukumar bankunan jihar, in gobe wani ya aiko daga Maryland sai na Maryland, haka za ka bi su ɗaya bayan ɗaya, Montana ce kawai aka sani ba ta da irin wannan lasisi. Kowace jiha za ta nemi ƙarfin jari, da takardar lamuni daga kamfanin inshora wadda za a biya kwastomomi da ita in ka gudu da kuɗinsu, da lissafin da odita ya sa wa hannu, da hoton yatsun masu kamfani da tarihinsu, da tsarin kasuwanci. Kuma kafin ka nema sai ka yi wa kamfaninka na Delaware rijistar baƙo a wannan jiha, wanda ke nufin sabon wakilin rijista a can ma. Kamfanin da yake aiki a jihohi talatin yana da wakili a jihohi talatin. To matsayin wakili a harkar lasisi kenan, sharaɗi ne ɗaya ƙarami daga cikin sharuɗɗa masu yawa, shi ne ma mafi arha a cikinsu. Flutterwave, kamfanin biyan kuɗi ta intanet da 'yan Najeriya suka kafa, da duk girmansa, a ƙarshen 2023 sanarwa ya yi ta musamman don ya samu lasisi a jihohi 13, kai kuma a ce maka za a gama maka na duniya baki ɗaya da dala 2,500.

Yanzu maganar da ta fi damuna a wasiƙarka, yayanka. Abin da yake yi yanzu, karɓar dalar mutane a Texas ana biyan naira a Kano, a dokar Amurka aika kuɗi ne, ko da dala ɗaya ba ta tsallako teku ba. Yin sa a matsayin sana'a ba tare da lasisi ba laifi ne na tarayya a sashe na 1960 na kundin manyan laifuka, ɗaurin har shekara biyar, kuma a jihar da rashin lasisin laifi ne ba sai an tabbatar ya san ana buƙatar lasisi ba. Mu a nan abin ya zame mana jiki, kowa ya san yadda ake yi a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, amana ce da waya. Can ba haka suke kallonsa ba, kuma shi ne yake hannunsu ba kai ba, asusunsa ne kuɗin mutane daban-daban suke shiga, in takardun zamansa ba su gama nuna ba ma abin zai iya shafarsu. Ka duba shari'ar Ping Express, kamfanin 'yan Najeriya ne a Texas ɗin nan, yana ma da lasisi a wasu jihohi, ya tura dala miliyan 160 zuwa Najeriya cikin ƙasa da shekara uku. A 2022 ya amsa laifin rashin ingantaccen tsarin hana halasta kuɗin haram, ya kuma yarda ya yi aiki a jihohin da ba shi da lasisi, manyan shugabanninsa biyu kowanne ya sha ɗaurin wata 27. Kuɗin 'yan damfarar soyayya ne suka bi ta cikinsa. Kai ma in manhaja ta fito ba abokan yayanka kaɗai za su sauke ta ba.

Su Seychelles da Comoros fa

A tsibiran nan wakilin rijista ya fi na Delaware nauyi nesa ba kusa ba, gara ka san bambancin. A BVI (tsibiran British Virgin Islands) ko Seychelles ba za ka iya zuwa da kanka ka buɗe kamfani ba, dole ta hannun wakili mai lasisin hukumar kuɗi ta ƙasar, shi zai tantance ka, ya karɓi fasfo da shaidar adireshi da bayanin inda ka samo kuɗi, shi yake riƙe da sunan mamallaki na ainihi, kuma in ya yi zargi dole ya kai rahotonka ba tare da ya gaya maka ba. A BVI daga 2023 har taƙaitaccen lissafin kuɗin kamfani ake miƙa masa duk shekara. Wato kai kake biyansa amma rabin aikinsa na hukuma ne. A Mauritius kuwa kamfanin gudanarwa ake ce masa, kuma lasisin kasuwancin ƙetare yana buƙatar daraktoci biyu mazauna ƙasar da asusun banki a can.

Abin bai kasance da tsauri haka ba a da. A Afrilun 2016 takardun Panama suka fito, takardu miliyan 11.5 daga kamfanin Mossack Fonseca, wanda babban aikinsa shi ne wannan, buɗe kamfanoni da zama wakilinsu, sama da 214,000. Aka gano a lokuta da yawa su kansu ba su san mai kamfanin na gaskiya ba. BVI ta ci su tarar dala 440,000 a shekarar, zuwa 2018 sun rufe. Sai takardun Pandora a Oktoban 2021 daga irin waɗannan kamfanoni 14, sunayen manyan 'yan Najeriya sun fito a duka biyun. Tun daga nan FATF, hukumar duniya mai sa ido kan halasta kuɗin haram, ta matsa lamba, wakilan kirki suka zama masu yawan tambaya har su ba ka haushi. Ni dai a aikina wakilin da ya dame ni da tambayoyi shi na fi natsuwa da shi, wanda ya ce turo hoton fasfo ta WhatsApp kawai an gama, bankunan kirki sun riga sun san adireshinsa kuma da sun gan shi a takardarka za su ja baya.

Amma ko wakilin ya kai ina a nagarta, kamfanin tsibiri na yau da kullum ba a yarda ya yi harkar banki ko inshora ko hannun jari ba sai da lasisi daban. In ma ka samu lasisin, na wannan ƙasar ne, ba ya ba ka izinin taɓa kwastoman Texas ko na Landan ko na Kano. St Vincent, wata ƙasar tsibiri a Caribbean, ta daɗe tana faɗa cewa ita ba ta ba da lasisin cinikin kuɗin waje, amma har gobe za ka ga dillalan forex suna liƙa lambar rijistar kamfaninsu ta can kamar lasisi ce. Na Comoros kuwa ka bar shi kawai. Takardun da ake sayarwa da sunan tsibirin Mwali ko Anjouan, babban bankin ƙasar da kansa ya fito ya ce shi kaɗai ne mai ikon ba da lasisin banki da cibiyoyin kuɗi kuma bai san da waɗannan ba. Cinikin biri a sama ne.

Ingila ba ka tambaya ba amma na san za su kawo maka ita in ka ƙi waɗannan. Can ofishin rijista ake cewa, tun Maris 2024 an hana amfani da akwatin gidan waya, daga Nuwamban 2025 kuma an fara tilasta wa daraktoci tantance kansu a Companies House, hukumar rijistar kamfanoni ta can. Lasisin aika kuɗi na hukumar FCA ne, ita kuma tana so hedikwata ta gaske ta kasance a ƙasar, inda ake yanke shawara, adireshin haya ba ya wucewa.

Ɓangaren gida

Ko da an ce ka gama da Amurka kaf, rabin hanya ka yi, don nairar a Najeriya za a biya. Dokar kamfanoni ta CAMA 2020 ta ce kamfanin waje da zai yi kasuwanci a Najeriya sai ya yi rijista da CAC, hukumar rijistar kamfanoni, a matsayin kamfanin Najeriya, kuma duk mai kashi 5 cikin ɗari zuwa sama sai an bayyana sunansa. Shigo da kuɗin 'yan ƙasar waje kuma aikin masu lasisin IMTO ne, wato lasisin aiko kuɗi daga ƙasashen waje, daga babban banki CBN. A ƙa'idar da aka fitar a Janairun 2024 kuɗin nema kaɗai naira miliyan 10 ne, jari dala miliyan ɗaya ko kwatankwacinsa a naira, shigowa kawai aka yarda ba fitarwa ba, a biya mai karɓa da naira, kuma an ce bankuna da kamfanonin fintek ba za su riƙe wannan lasisi da kansu ba. POS ɗin da kake yi a ƙarƙashin lasisin wani kake, na kamfanin da ya ba ka na'ura, kuma bai haɗa da wannan aiki ba. Canji ma lasisinsa daban, a Maris 2024 CBN ta soke na 'yan canji 4,173 a rana ɗaya, sabon jarin kuma naira biliyan 2 ga babban aji, miliyan 500 ga ƙarami.

Dabarar nuna takardar rijista a ce lasisi ce mun gan ta a gida ma. Da CBEX, wani dandalin zuba jari ta intanet, ya rushe a Afrilun 2025, kamfanin da ke bayansa yana da rijistar CAC har da satifiket na SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, mutane suka gani suka saki jiki, sai daga baya SEC, hukumar kula da hannun jari, ta ce ba ta taɓa yi masa rijista ba, EFCC kuma ta ce satifiket na SCUML ba izinin karɓar kuɗin jama'a ba ne.

Sai banki, wanda shi ne yake kashe yawancin irin wannan shiri tun kafin hukuma ta sani. Ka samu LLC, ka samu lambar haraji ta EIN, sai ka je buɗe asusu a tambaye ka ina ofis, ka ba da adireshin wakili, su ce wannan ba ofis ba ne. A Yulin 2024 Mercury, kamfanin buɗe asusu ta intanet na Amurka wanda matasanmu masu kamfanonin Delaware suka fi amfani da shi, ya sanar zai rufe asusun waɗanda suke zaune a ƙasashe da dama har da Najeriya. A lokacin muna cikin jerin ƙasashen da FATF ta sa wa ido tun Fabrairun 2023, an cire mu a Oktoban 2025, hakan ya taimaka, amma kamfani mai rijistar MSB wanda mai shi yake Kano kuma ba shi da lasisin ko jiha ɗaya, wallahi da wuya bankin da zai karɓe shi. In ka ɓoye ka ce kai mai sayar da manhaja ne aka buɗe maka, ran da suka ga mutum arba'in sun turo dala ɗari biyu-biyu za su daskarar da asusun da kuɗin mutane a ciki, kai kuma ka riga ka biya naira a nan.

To me za ku yi

Ba cewa nake Delaware ba ta da amfani ba. Paystack, kamfanin biyan kuɗi na Najeriya, ta bi ta can kafin Stripe na Amurka ya saye ta a 2020, don masu zuba jari na Amurka sun fi sakin jiki da dokar jihar da kotunanta. In wata rana kun kai matsayin neman jari daga waje za ku buƙace ta, kuma a lokacin kamfani mai hannun jari za su ce ku buɗe ba LLC ba. Amma uwar kamfani ce kawai take zama a can, lasisin yana wajen 'ya'yan da suke aiki a kowace ƙasa.

Hanyar da na ga tana yiwuwa ga mai ƙarfi irin naku ita ce shiga ƙarƙashin inuwar mai lasisi. Jihohin Amurka sun yarda kamfani mai lasisi ya naɗa wakilan kasuwanci da za su karɓi kuɗi da sunansa, irin shagunan da kake gani da allon Western Union, kuma kar ka haɗa wannan da wakilin rijista, wannan kwangila ce da horo da sa ido. Akwai kuma masu lasisin da suke ba ƙananan kamfanoni damar ɗora manhajarsu a kan tsarinsu, ku kawo kwastoma da suna da Hausa a cikin manhajar, su kuma su riƙe kuɗin da tantancewa, a nan gida kuma biyan ya bi ta IMTO da banki. Ribar za ta ragu sosai, gaskiya, don yanzu ribarku tana fitowa ne daga tazarar canji da kuma rashin kashe komai a kan bin ƙa'ida, in kun shiga tsari dole wani kaso ya tafi. Ku zauna ku yi lissafi da biro ko abin da ya rage ya isa ya riƙe kamfani, zai iya yiwuwa amsar ta zama bai isa ba ku tsaya a POS ɗin ku faɗaɗa shi.

Iyakata a nan ita ce ni ba lauyan Amurka ba ne kuma ba ni nake shigar da takardar neman lasisin jiha ba, ɓangaren CAC da CBN da shirya takardu shi ne nawa. Maganar yayanka ta lauya ce mai lasisin aiki a Texas wanda ya san harkar aika kuɗi, kuma ya gan shi kafin a cike kowane fom, don fom 107 yana tambayar harkar da kake yi da jihohin da kake yinta, cike shi ba shawara kamar kai rahoton kanka ne. Kafin nan ya dakata da karɓar kuɗin mutane a asusunsa, masu aikowa su bi ta manhajojin da suke da lasisi.

Su kuma masu dala 2,500, ka tura musu saƙo ka ce su rubuto maka sunan hukumar da za ta ba da lasisin, da jihohin da zai yi aiki, da lambar NMLS, wato lambar rajistar masu lasisi ta jihohin Amurka, da za ka duba a shafin da jihohi suke wallafa masu lasisi, da sunan wakilin da za su sa maka don ka duba shi a jerin da Delaware take fitarwa. In kuma duk da haka ka ga kana buƙatar kamfanin don wata harkar daban, ka buɗe shi da imel ɗin da kake dubawa kullum, ka tabbata asusun da ke wajen wakilin da sunanka yake ba da sunan ɗan tsakiya ba, ka biya kuɗin wakilcin na shekara biyu ko uku gaba ɗaya in sun yarda, ka kuma sa 1 ga Yuni a kalandar wayarka.